Bao Jingyan, Malamin da Ya Ce Sarauta Ba Dole Ba Ce

A ƙasar Sin, wajen shekara ta 300 Miladiyya, wani malami mabiyin tafarkin Dao mai suna Bao Jingyan ya fito ƙarara ya ce mutane sun fi samun kwanciyar hankali kafin a fara naɗa sarakuna. A ganinsa, ƙarfi da wayo ne suka haifi sarauta. Mai ƙarfi ya danne mai rauni, mai dabara ya yaudari mai sauƙin kai, daga nan haraji da aikin tilas da yaƙi suka biyo baya.

Abin da ke ba ni dariya, abokin hamayyarsa ne ya adana mana shi. Ge Hong ya kwafo hujjojinsa cikin littafin Baopuzi don ya rusa su, sai ga shi ya hana su ɓacewa.

Wasu magabatan Bao Jingyan a tafarkin Dao ba su kai ga ƙin sarauta baki ɗaya ba. Littafin Daodejing mai babi 81, wanda ake jingina wa Laozi, nasiha ce ga mai mulki: ya rage dokoki, ya sassauta haraji, ya daina tsoma baki cikin harkar talakawa. Zhuangzi kuwa, an ce Sarkin Chu ya aiko masa da tayin muƙami yana cikin kamun kifi, ya sallami manzannin ko waiwayowa bai yi ba.