2.2 Asalin Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa

Ba za a raba tarihin wannan ƙungiya, wadda aka fi sani da MSF, da Yaƙin Basasar Nijeriya ba. A shekarar 1968 wasu likitocin Faransa, ciki har da Bernard Kouchner, suka tafi Biyafara aikin sa kai a ƙarƙashin ƙungiyar Red Cross. Ƙa'idar Red Cross kuwa ita ce ma'aikaci ya yi magani, ya kama bakinsa. Ganin yadda yunwa ke hallaka yara, sai likitocin suka ƙi yin shiru, suka fito suka faɗa wa duniya. Wannan saɓani ne ya kai su ga haɗa kai da wasu 'yan jarida, suka kafa MSF a birnin Paris a watan Disamba na 1971.

Daga nan ƙungiyar ta ɗora aikinta a kan ginshiƙai biyu, wato jinyar waɗanda bala'i ya faɗa wa, da ba da shaidar abin da aka gani. Don kada wata gwamnati ta rufe mata baki, akasarin kuɗinta daga gudummawar ɗaiɗaikun jama'a yake fitowa. Ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1999. A 2010 kuma ta yi jinyar yaran da gubar dalma ta kama a Jihar Zamfara.