Kaka ta yi nisa: wa zai gaya wa yara sirrin jikinsu?

A gidajen Hausawa da dama, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, balle ta zauna da ɗiyarta su yi zancen jinin al'ada. Wannan aiki tun da can na kaka ne da gwaggo. Kaka na da wasa da jika, sai ta sako magana mai nauyi cikin raha. Malaman zaure kuma su biya wa yara babin tsarki da wanka cikin Ahalari da Ishmawi.

Yau zaman ya sake. Matasan ma'aurata na haya a Yamai, Maraɗi ko Damagaram, kaka na ƙauye, maigida ya tafi ci-rani Libiya ko Abijan. Kunyar na nan, masu ɗauke wa uwa nauyin ne babu. Sai yarinya ta fara jin labari a bakin ƙawaye a lakwal ko cikin wayar salula.

Jinin farko yakan zo tsakanin shekara 10 zuwa 15, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke son a yi maganar kafin ranar. Yarinya ta san ba ciwo ba ne, ta san canja ƙunzugu, ta wanke shi da sabulu, ta shanya a rana maimakon ɓoye shi da danshi. Namiji ma na bukatar uba ko kawu ya yi masa bayanin balaga.

Kare kai na farawa tun kafin nan. Ɗan shekara 4 na iya gane cewa abin da wando ya rufe ba wurin taɓawar kowa ba ne, kuma duk wanda ya ba shi alawa ya ce kar ya gaya wa inna, lallai ya gaya mata. Galibin masu lalata yara ba baƙi ba ne: maƙwabci ne, ɗan uwa, ko mai sayen tallar yarinya.

Idan abin ya auku, duka da rufa-rufa na ƙara cutar da yaro. A kai shi asibiti cikin awa 72, lokacin da maganin kariya daga ƙwayar cutar sida ke aiki, a kuma sanar da ƴan sanda ko jandarma.

Uban da ke ƙetare ma yana da rabonsa. Saƙon muryar WhatsApp da ke tambayar ko kuɗi sun iso na iya tambayar wa ke raka yarinya talla, da wa ke shiga gidan idan uwa ta fita.