Fuska Ba Ta Isa Lamuni Ba

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan magana ta yi mana aiki tun kaka da kakanni, amma yau a cikin salular da ke hannun 'ya'yanmu akwai fuskokin da babu zuciya a bayansu. Kwamfuta ce ke ƙera su: suna murmushi, suna amsa tambaya, suna ba da shawara, alhali babu uwar da ta haife su.

Masana sun daɗe da gano rauninmu a nan. A shekarar 1996, Byron Reeves da Clifford Nass na Jami'ar Stanford a Amurka sun nuna cewa mutum yakan yi wa kwamfuta ladabi irin na ɗan'adam, ko da ya san inji ce. Daga baya Nass da abokan aikinsa suka gwada wasu 'yan Koriya da masu ba da shawara na kwamfuta, wani da kamannin ɗan Koriya, wani da na Bature, maganarsu iri ɗaya. Sai mutanen suka fi amincewa da wanda ya yi kama da su. To, mu ma ba mu tsira ba. In aka ɗora wa irin wannan fuska hula da gemu, ko hijabi, ta buɗe baki da sallama, zuciyarmu za ta saki jiki kafin hankali ya yi tambaya.

Abin bai tsaya a ɗakin bincike ba. A watan Janairun 2023, a maƙwabciyarmu Burkina Faso, an yaɗa bidiyon wasu da ke kiran kansu masu kishin Afirka suna neman a goyi bayan gwamnatin soja. Ashe fuskokin kwamfuta ne da aka haɗa da manhajar kamfanin Synthesia na Landan. A 2024 kuma, a Hong Kong, wani ma'aikacin kamfanin Arup ya aika da kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da fuskokin shugabanninsa, waɗanda duk na jabu ne.

Maganin wannan yana cikin gadonmu. Iyayenmu fataken shanu da goro na Zongo ba su taɓa ba da bashi don kyan babbar riga ba. Baƙo yakan sauka wurin maigida, dillali ya shiga tsakani, a san wanda ya tsaya wa mai saye. In kuɗi suka maƙale, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome a 1977, aka mayar da jama'a Agoè, gidaje ne suka faɗi, amma wannan tsari na amana ya bi mutane. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ma ta umarce mu da bin diddigin labari, kada mu cutar da mutane cikin rashin sani.

Saboda haka mu koya wa iyalanmu tambayar da iyayenmu ke yi: wa ya tsaya masa? Wane kamfani ne ya ƙera wannan fuska, kuma me yake nema? In hoton ɗan'uwa ya nemi a tura masa kuɗi ta waya, a katse, a kira lambarsa da aka sani. In malami ne ya bayyana da fatawa ko neman taimakon masallaci, a tambayi limamin unguwa. Lambar sirri kuwa ba a ba kowa, komai kwarjininsa.

Allah Ya tsare mana imaninmu da dukiyarmu, amin.