Huhu da lambobinsa ƙanana: wa ke matse jijiyar jini idan iska ta yi ƙaranci?

Duk wanda aka taɓa ɗaura wa na'urar awon jini a damtse ya san 120 bisa 80. Akwai wata lambar da ba a cika ji ba: 25 bisa 10, matsin jinin da ke tafiya daga zuciya zuwa huhu, wanda matsakaicinsa bai wuce 14 ko 15 ba. Jini ɗaya ne, kimanin lita 5 a minti, ke ratsa jiki yana kuma ratsa huhu, amma a huhu yana tafiya da kusan kashi ɗaya cikin shida na matsin da ke sauran jiki. Shi ya sa ɓangaren dama na zuciya ba shi da kaurin tsoka kamar na hagu. Ba a yi shi don dako ba, kuma ƙarin lamba goma kacal kan jigata shi.

Hausa ta kira abu biyu da suna ɗaya, jijiya: mai ɗaukar jini da mai ɗaukar saƙo. A bangon jijiyar jinin huhu, su biyun a manne suke. Wani rukunin jijiyoyin saƙo na sakin noradirenalin, tsoka ta matse; wani na sakin asetilkolin, ta saki. Sai mutum ya ɗauka su ke da iko. Alƙaluma sun nuna ba haka ba ne.

A 1946, Ulf von Euler da Göran Liljestrand a Sitokholm suka shaƙa wa kyanwoyi iska mai ƙarancin oksijin, matsin jinin huhunsu ya tashi. Wannan akasin ɗabi'ar sauran jiki ne, inda jijiya ke buɗewa idan oksijin ya ragu. A gaɓar teku, awon oksijin a cikin ƙananan jakunkunan huhu kusan 100 ne. Idan ya sauka wajen 60, ƙananan jijiyoyi kan fara tsukewa cikin daƙiƙoƙi. Hikimar a bayyane take: idan namoniya ta toshe wani sashe, sai a karkatar da jini zuwa inda iska ke shiga, kamar mai lambu da ya toshe kwami ɗaya ya buɗe wa na gaba ruwa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsukewar na faruwa har a huhun da aka dasa wa mutum, wanda aka yanke jijiyoyin saƙonsa. Tsokar da kanta ke jin ƙarancin iskar. Jijiyar saƙo ƙari take yi ko ragi.

Ragin ma sai da izinin wani. Cikin kowace jijiyar jini akwai yaɓe mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, likitoci na ce masa endoteliyam. A 1980 Robert Furchgott da John Zawadzki a New York suka lura cewa idan aka goge wannan yaɓe daga jijiyar zomo, asetilkolin ba ya sa ta saki, wani lokaci ma matse ta yake yi. Saƙo ɗaya, amsa biyu, bambancin kawai ko yaɓen na nan. Zuwa 1987 aka gane abin da yaɓen ke fitarwa iskar naitirik oksaid ce, aka ba Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998. Iskar nan tana kwantar da tsoka, tana kuma rage ƙarfin noradirenalin. Matsalar ita ce sai da oksijin ake haɗa ta. Idan oksijin ya daɗe yana ƙasa, ita ta ragu, endotelin kuma, wanda Masashi Yanagisawa da abokan aikinsa suka gano a Japan a 1988, ya ƙaru, shi kuwa yana cikin mafiya ƙarfin matse jijiya a jiki. Ga kuma jijiyoyin saƙo masu matsewa sun ƙara ƙaimi. Mai hanawa ya raunana daidai lokacin da masu matsewa suka taru.

Tsaunuka sun ba da ma'auni mai kyau. Dante Peñaloza ya auna mazauna Morococha a Feru, garin ma'adinai mai tsayin mita 4,540, ya samu matsakaicin matsin 28, na mutanen Lima a gaɓar teku kuma 12. A can huhu duka ke cikin ƙarancin iska, babu sashen da za a karkatar wa jini, sai ko'ina ya matse. Amma wani awo da aka buga a 1993 kan samarin Tibet a Lhasa, mita 3,600 da ɗoriya, ya ba da 15. Mutum biyar kawai aka auna, saboda haka a riƙe lambar da hankali, sai dai binciken da ya biyo baya ya nuna 'yan Tibet na samar da naitirik oksaid fiye da mazauna ƙasa nesa ba kusa ba.

A Najeriya ba mu da tsauni irin wannan. Jos ma kimanin mita 1,200 ce. Amma muna da sikila. Kusan jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara a Najeriya, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe, abin da ke cikinsu kan zube ya cinye naitirik oksaid ɗin da yaɓen ya wahala ya haɗa. Hoton zuciya na nuna alamar hawan jinin huhu a kusan kashi 30 cikin 100 na manya masu sikila, amma idan aka zura siririn bututu aka auna kai tsaye, kashi 6 zuwa 10 ne ke tabbata. Tazarar nan ta isa a kula: hoto zato ne, bututu ne ke yanke hukunci. Maganin sildenafil da ke ƙarfafa aikin naitirik oksaid na taimakon wasu masu hawan jinin huhu, amma a 2009 aka dakatar da gwajinsa kan masu sikila a Amurka saboda ciwon da ke tasar musu ya ƙaru.

Iyakar da ake kira hawan jinin huhu ma ta sauya. Daga wani taro da aka yi a Janiba a 1973, sai matsakaicin matsi ya kai wajen 25 ake kiransa cuta. A 2022 ƙungiyoyin likitocin zuciya da huhu na Turai suka mayar da ita sama da 20. Mai sikilar da ke haki idan ya hau bene ɗaya, ƙafarsa na kumbura da yamma, yana iya zama cikin wannan lamba biyar ɗin, kuma awon damtse ba zai nuna ta ba.