Ko Ka Sani? Na'urar da Ba Ta da Aiki Sai Sallama a Ƙofar Shafukan Intanet

Ko ka sani cewa, a daidai lokacin da mai POS a Kwanar Dangora yake ba matafiyi haƙuri wai babu netwok, ko dillalin shinkafa a kasuwar Tudun Wada yake tsaye da waya a hannu yana jiran alat na kuɗin buhunan da tuni an ɗora su a mota, akwai wata na'ura a can nesa wadda, in dai masu bankin sun riƙe amanar aikinsu, ta riga su duka sanin cewa wani abu ya ɓaci? Na'urar ba ƙarfe ba ce da za ka ɗauka ka jujjuya; ɗan ƙaramin shiri ne da aka ajiye cikin kwamfuta, wanda ba shi da wata hidima dare da rana, rani da damina, face ya je ƙofar shafin intanet kowane minti ɗaya ko kowane minti biyar, ya yi sallama, ya saurari amsa, ya rubuta abin da ya ji, sa'an nan ya koma ya jira lokacin wata sallamar.

Asalin al'amarin shi ne, kowane shafi da ka buɗe, na JAMB ne ko na NECO ko na banki, yana zaune ne cikin wata babbar kwamfuta da ma'aikata ke kira saba, kuma duk sa'ad da wayarka ta nemi shafin, saba ba ta miƙo shi haka kawai sai ta haɗo shi da wata lamba mai alƙaluma uku wadda kai ba ka cika ganinta ba. Idan lambar 200 ce, lafiya lau ke nan, ga abin da ka nema. Idan 301 ce, masu gidan sun ƙaura, ga sabon adireshi. Lamba 404 tana nufin gidan yana nan amma abin da ka tambaya babu shi. 500 kuwa tana nufin ciwon yana cikin saba kanta, ta karɓi buƙatarka ta kasa sarrafa ta. 503 kuma ita ce wadda 'yan makaranta suka fi sha a ranar ƙarshe ta rajista, lokacin da jama'a suka yi wa shafi rubdugu har ya ce ba zai iya ba yanzu, a dawo an jima. Waɗannan lambobi suna cikin ƙa'idar HTTP, wadda Tim Berners-Lee ya aza tubalinta a cibiyar CERN da ke kusa da Geneva tsakanin 1989 da 1991, aka kuma wallafa sigarta ta 1.0 a 1996. Tun kafin wannan ma, a watan Disamba na 1983, wani ma'aikacin ɗakin binciken sojan Amurka mai suna Mike Muuss ya rubuta ɗan shirin nan ping, wanda ke jefa wa wata kwamfuta ƙanƙanen saƙo ya ga ko zai dawo, kuma cikin wane lokaci. Daga nan aka yi ta ƙari, har Ethan Galstad ya fitar da NetSaint a 1999, wanda daga baya ya koma Nagios, sa'an nan kamfanoni irin su Pingdom da UptimeRobot suka mai da wannan gadi sana'a, suna yi wa duk wanda ya ba su adireshin shafinsa.

Abin da mai sallamar nan ke rubutawa ba lamba kaɗai ba ce. Yana kuma auna jinkirin amsa da milisakan, watau kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, domin shafin da ke amsawa bayan daƙiƙa talatin, a wurin wanda ke sayen data da kuɗin guminsa, da shi da mataccen shafi duk ɗaya ne. A nan akwai haddin da Allah Ya gindaya wanda dabarar ɗan Adam ba ta ƙetare shi: haske cikin zaren gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, igiyar MainOne kuwa da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas a 2010 tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne, saboda haka zuwa da dawowa a kanta kaɗai sai sun ci wajen milisakan 70, tun ba a lissafa tafiyar Legas zuwa Kano ba, balle daga Kano zuwa hasumiyar da ke ba Tiga sabis. Mai hankali ba ya tsorata da wannan jinkiri na ɗabi'a. Abin da yake lura da shi shi ne ranar da amsar da ta saba zuwa cikin milisakan 300 ta fara ɗaukar 2,000, domin galibi haka saba take somawa kafin ta faɗi ɗungum.

Wani ladabi da aka koya wa na'urar, wanda ni a ganina ya fi sauran hikima, shi ne ba ta yanke hukunci da shaidar mutum ɗaya. Idan ta yi sallama ba a amsa ba, ba ta gaggauta tada injiniya daga barci, domin mai yiwuwa illar tana kan hanyarta ne, ba a shafin ba. Sai ta sake gwadawa, ko ta nemi 'yar'uwarta da ke wata ƙasa ita ma ta gwada, kuma sai shaidu sun haɗu a kan magana guda, zato ya zama yaƙini, kana ta aika saƙon tes ko imel, ko ta buga wa wanda ke bakin aiki waya. Dalilin wannan taka-tsantsan sananne ne ga duk wanda ya taɓa aikin: ƙararrawar da ke kaɗawa sau goma a dare ba bisa hujja ba, a dare na goma sha ɗaya ba wanda zai tashi dominta.

To, amma ga inda mas'alar take da zurfi. Amsa sallama ba ita ce lafiya ba, domin sau nawa aka amsa maka daga zaure da murya garau alhali a cikin gida majinyaci ne kwance? Shafi yana iya mayar da 200, zahirinsa sumul, hotuna da rubutu duk a wurarensu, amma baɗininsa, watau ma'ajiyar bayanan da ke bayansa, ta daɗe da tsayawa. Saboda haka ƙwararru ba sa gamsuwa da lamba. Sukan umarci na'urar ta karanta shafin ta nemo wata kalma da dole ta kasance a ciki, ko kuma, in sun fi haka himma, su sa ta kwaikwayi mutum sosai: ta shiga da suna da kalmar sirri, ta cika fom, ta ɗora hoto, ta ga ko an karɓa.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, a rumfunan zaɓe na mazaɓar Kiru da Bebeji, da ta Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran rumfuna sama da 176,000 na Nijeriya, an ɗora wa jami'an zaɓe su ɗauki hoton takardar sakamako mai lamba EC8A da na'urar BVAS, su tura shi shafin IReV na hukumar INEC, wanda aka fara aiki da shi tun 2020, domin kowa ya gani da idonsa. Shafin bai mutu ba a wannan rana, har sakamakon 'yan majalisar tarayya ya riƙa shiga. Na shugaban ƙasa ne ya ƙi. A rahoton da hukumar ta fitar a Fabrairun 2024, ta ce saba ta riƙa mayar da lamba 500, kuma illar ita ce an tsara ma'ajiyar ne jiha-jiha, kowane zaɓe yana da jihar da aka jingina shi gare ta, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa ba na wata jiha ba ne, don haka shirin ya rasa inda zai ajiye hotunansa. Sai wajen ƙarfe tara saura na dare takarda ta farko ta shiga. Jama'a da dama ba su gamsu da wannan bayani ba, har magana ta kai kotu, kuma ba aikina ba ne in raba wannan gardama a nan. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, bisa bayanin hukumar kanta, na'urar da aka sa ta tambayi "kana nan?" kawai da ta yini tana rubuta lafiya lau, alhali ƙasa gaba ɗaya tana cikin zulumi. Wadda za ta ankarar ita ce wadda aka sa ta gwada ainihin aikin da mutane suka dogara da shi, watau tura hoton zaɓen shugaban ƙasa daga rumfa. Na'urar ba ta ƙarya, amma ba ta amsa tambayar da ba a ba ta ba.

Sai kuma batun inda mai gadin yake tsaye. Sharaɗi ne kada ya zauna cikin kwamfutar da yake gadi, don kada su faɗi tare ba wanda ya yi kuwwa. Kamfanin Facebook ya ɗanɗana wannan ranar 4 ga Oktoba, 2021, sa'ad da kuskure cikin saitin hanyoyinsa ya ɗauke Facebook da WhatsApp da Instagram na kusan awa shida, ya kuma haɗa da kayan aikin cikin gida da injiniyoyinsa za su yi bincike da su. Amma tsayuwa a waje ma tana da nata aibin, kuma mu ne muka fi jin jikinsa. Yawancin masu sallamar nan suna zaune ne a Turai da Amurka, kusa da sabobin da suke dubawa, kan hanyoyi masu faɗi. Idan suka ce shafi yana buɗewa cikin rabin daƙiƙa, gaskiya suka faɗa game da Landan, ba game da Riruwai ba, inda duwatsu ke tare sabis, ko tsakiyar dajin Falgore, inda matafiyi zuwa Jos kan ga wayarsa ta yi shiru. Ranar 14 ga Maris, 2024, da igiyoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, shafukan da ke ajiye a Turai suna nan garau ga mai dubawa daga can, alhali a nan mutane na fama da bankuna da intanet. Ƙungiyoyi irin su NetBlocks, masu auna haɗuwar ƙasashe da intanet daga ɓangaren masu amfani, su suka nuna girman abin. Duk hukumar da mutanenta suke Kano ta Kudu, in da gaske take, wajibi ne ta ajiye wani mai dubawa a cikin ƙasa, a kan layukan MTN da Airtel da Glo da talakawa ke riƙe da su.

Daga abin da na'urar ta tattara ne ake fitar da alƙaluman da kamfanoni ke alfahari da su, kuma ya kamata mai karatu ya iya warware su da kansa. Shekara tana da awa 8,760. Wanda ya ce shafinsa yana aiki kashi 99 cikin ɗari ya yarda ke nan da mutuwar kwana uku da rabi da 'yan kai a shekara, kashi 99.9 ya bar awa takwas da minti 46, kashi 99.99 kuwa bai bar komai ba sai wajen minti 53. Lissafin daidai ne, sai dai ba ya faɗin wane lokaci ne aka rasa. Awa takwas da aka warwatsa cikin tsakar dare ba wanda zai sani, amma in suka taru a yinin ƙarshe na rajistar JAMB, yaron da ya biya kuɗin mota daga Doguwa zuwa cibiyar rajista ya yi asarar shekara. Haka kuma mai sallama kowane minti biyar yana iya kuskure faɗuwar minti uku ɗungurungum, littafinsa ya nuna ɗari bisa ɗari.

Akwai ayyukan da ba su da ƙofar da za a yi musu sallama, kamar shirin da ke kwafe bayanan asibiti ko na makaranta kowane dare ya adana. Ga irin waɗannan sai aka juya tsarin: aikin ne da kansa zai aika wa mai gadi ɗan saƙo duk lokacin da ya kammala, in kuwa wa'adi ya wuce saƙon bai iso ba, sai a tada injiniya. Da irin wannan na'ura ce kuma ake ƙidaya kwanakin da suka rage wa takardar shaidar tsaro ta shafi, wadda ke sa makullin nan ya bayyana a gefen adireshi a wasu manhajojin buɗe shafi, domin ita ma tana da ajali, tun da wadda Let's Encrypt ta saba bayarwa kyauta kwana 90 take yi, kuma ranar da ta ƙare ba a sabunta ba, wayarka za ta gargaɗe ka kada ka shiga, ko da saba tana cikin ƙoshin lafiya.