Jirgin ruwa ba ya jira: Abin da mai yawon buɗe ido a Bahar Rum ya kamata ya sani

Da yamma, wajen ƙarfe shida da rabi, a tashar jiragen ruwa ta Civitavecchia da ke gaɓar Italiya, akwai wani kallo da fasinjoji kan taru a benayen jirgi su yi. An kira wasu sunaye ta lasifika har sau biyu, ma'aikata sun fara shirin janye tsani, sai a hangi mutum can ƙasa yana sheƙa gudu da ledojin tsaraba. Wani yakan yi sa'a ya shiga. Wani kuwa yakan tsaya a bakin ruwa yana kallon jirgin da ke ɗauke da akwatinsa da magungunansa yana nisa.

Yawon buɗe ido a jirgin ruwa yana da farin jini ne saboda sauƙinsa. Tikiti ɗaya ya ƙunshi ɗaki da abinci da sufuri, kuma kusan kowace safiya mutum yana farkawa a sabon gari. Kamfanoni irin su MSC da Costa da Royal Caribbean suna zagayen mako guda a yammacin Bahar Rum, daga Basalona ta Sifaniya zuwa Marseille ta Faransa, sannan Genoa da Civitavecchia da Naples a Italiya. Sai dai sauƙin yana ƙarewa ne a bakin tsani. Abin da ya rage, wato biza da masauki da abin hawa da lissafin lokaci, duk yana wuyan matafiyi. Ga ma'aikacin da ya tara hutunsa na shekara, ko hadimin da aka ɗora wa shirya wa maigida tafiya, nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada.

Biza: a duba kowace tasha

Ɗan Najeriya yana buƙatar bizar Shengen kafin ya shiga Sifaniya ko Italiya ko Faransa. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ana iya nema tun ana saura wata shida a tafi, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Ma'aikaci zai buƙaci takardar wurin aiki da ke nuna an amince masa da hutu.

Tarkon yana cikin jadawalin jirgin. Idan duk tashoshin suna cikin yankin Shengen, kamar Malta ko Girka, babu matsala. Amma idan jirgin zai yada zango a Tunisiya ko Turkiyya ko Montenegro, to ya fita daga yankin ke nan, kuma komawa ciki tana buƙatar biza mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya. Wanda ke riƙe da ta shiga ɗaya ana iya hana shi hawa tun ranar farko, ko da ya ce ba zai sauka a can ba, kuma kamfanoni ba sa mayar da kuɗi a kan rashin takardu. Abin da ya dace shi ne a aika wa kamfanin tambaya kafin a biya, a bayyana cewa fasfon na Najeriya ne, a karɓi amsa a rubuce a kan kowace tasha. Yawancin kamfanoni kuma suna son fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ƙarshen tafiya.

Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri

Daga Abuja zuwa Basalona ko Rum sai an sauya jirgin sama, a Istanbul ko Paris ko Frankfurt ko Doha. Jinkirin sa'a biyu a Abuja ya isa ya sa a rasa jirgi na biyu, kuma ana rufe karɓar fasinjojin jirgin ruwa tun kafin lokacin tashinsa. Saboda haka masu hankali suna isa garin da za a tashi da kwana ɗaya, ko biyu in hali ya yi. Wannan kwanan ne kuma ke ba akwatin da ya maƙale a hanya damar iso wa mai shi.

Wajen zaɓen masauki, kusanci da hanyar zuwa tasha ya fi yawan taurarin otal amfani. A Basalona manyan jirage suna tsayawa ne a Moll Adossat, kuma daga ƙarshen titin La Rambla, kusa da gunkin Columbus, akwai bas da ke kai fasinjoji can. Mai kaya da yawa gara ya hau tasi. Na garin baƙaƙe ne masu ratsin rawaya, kuma suna aiki da mita. Wanda zai tashi daga Civitavecchia yana da zaɓi biyu: ya kwana a Rum kusa da tashar jirgin ƙasa ta Termini, wadda jirgin Leonardo Express ke kaiwa daga filin jirgin Fiumicino cikin minti 32, ko ya wuce Civitavecchia ya kwana can, ya wayi gari yana hangen jirginsa.

Otal ya fi gidan haya na kwana ɗaya kwanciyar hankali, domin yana da mai karɓar baƙi dare da rana, yana kuma ajiye kaya. Hukumomin Basalona ma sun sanar a 2024 cewa za su kawo ƙarshen lasisin gidajen haya na 'yan yawon buɗe ido nan da 2028. A kama ɗakin da za a iya sokewa ba tare da asara ba, tun da biza ba ta da tabbas, a kuma tuna cewa duka biranen biyu suna karɓar harajin kwana a kan kowane baƙo. Wata magana da ta shafi 'yan gida musamman ita ce, Tarayyar Turai ta haramta wa matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga waje. Kilishi da dambun nama su jira a gida.

Sunan birni daban, tasha daban

Jadawalin jirgi yakan rubuta sunan birnin da kowa ya sani, amma jirgin ba a can yake tsayawa ba. Rum tana da nisan kusan kilomita 80 daga Civitavecchia, tazarar da ta ɗara ta Abuja zuwa Keffi. Florence tana da kusan kilomita 90 daga tashar Livorno. A Marseille ma akwai 'yar tafiya a mota daga inda jirage ke tsayawa zuwa tsohuwar tasha da ke tsakiyar gari. Tun watan Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venice, don haka wasu jadawalan masu ɗauke da sunan birnin a Ravenna ko Trieste suke farawa, tafiyar da ta haura sa'a biyu.

Akwai kuma wuraren da jirgi ba ya zuwa gaɓa sam, sai ya saki anga a cikin teku, ƙananan jirage su riƙa jigilar mutane. Tsibirin Santorini na Girka yana cikinsu. Daga bakin ruwa zuwa garin Fira da ke kan tsauni, ko dai a hau keken da ke tafiya a kan waya, ko a taka matakala kusan 600. Da la'asar, lokacin da kowa ke son saukowa, layin keken yakan yi tsawo ƙwarai, kuma nan ne mutane da yawa ke shiga uku.

Lissafi daga ƙarshe ake faro shi

A kowace rana jirgi yana da lokuta biyu: lokacin tashi, da lokacin da dole kowa ya kasance a ciki, wanda yawanci rabin sa'a ne kafin tashin. Na biyun shi ne abin riƙewa. A ɗauka jirgi ya iso Civitavecchia ƙarfe 7 na safe, zai tashi 7 na yamma. Ƙofa za ta rufe 6:30. Daga Termini jirgin ƙasa yana cin sa'a ɗaya da 'yan mintoci, daga tashar jirgin ƙasa zuwa dandalin Largo della Pace, sannan bas ɗin tasha zuwa gindin jirgi, wata rabin sa'ar ce ko fiye. Idan aka ƙara sa'a guda saboda abin da ka iya tasowa, wajibi ne a bar Rum wajen ƙarfe 3:30. Wanda ya isa birnin ƙarfe 9:30 yana da sa'a shida ke nan daga cikin goma sha biyun da aka rubuta.

Sa'a shida ta isa a ga abu biyu da kyau, ba ta isa a ga biyar ba. Ko dai ɓangaren Colosseum, ko ɓangaren Fadar Paparoma, inda ake buƙatar sutura mai rufe kafaɗu da gwiwoyi, kuma gidajen tarihinta ba sa buɗewa ranar Lahadi in ban da ta ƙarshen wata. Tikitin irin waɗannan wurare, har da majami'ar Sagrada Familia ta Basalona, ana sayensa ne ta intanet da ƙayyadadden lokaci. Mai son sallar Juma'a a Babban Masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, ya sani cewa yana arewacin birnin, nesa da waɗannan wurare, don haka sai an ware masa lokacinsa. Tikitin jirgin ƙasa na takarda kuwa sai an saka shi a na'urar buga hatimi kafin a hau, in ba haka ba akwai tara. Yajin aikin ma'aikatan sufuri ba baƙon abu ba ne a Italiya, amma ana sanar da shi tun kafin ranar, don haka a bincika.

Rangadin kamfani ko tafiyar kai?

Kamfanin jirgi yana sayar da rangadinsa na cikin gari, kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Abin da ake saya da ƙarin kuɗin shi ne lamuni: idan bas ɗin kamfani ya makara, jirgi yakan jira shi, ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai mutanensa tasha ta gaba. Wanda ya fita da kansa ba shi da wannan gata. Ma'aunin mai sauƙi ne. Inda gari ke dab da tasha, kamar Naples ko Genoa ko Valletta, mutum na iya yawonsa da ƙafa. Inda akwai doguwar tafiya, ko ana tare da dattijai da yara, araha ba ta ado.

Agogo da kuɗi da waya

Jirgi yana bin agogonsa ne. A watannin zafi na Turai, Italiya tana gaban Najeriya da sa'a ɗaya, Girka da sa'a biyu, Tunisiya kuwa daidai take da Najeriya. Wayar hannu tana sauya lokaci da kanta, don haka gara a ɗaura agogon hannu a daidaita shi da na jirgi kowace safiya. A cikin teku a kashe datar waya, domin layin tauraron ɗan'adam na jirgi yana cin kuɗi ba kama hannun yaro. A gwada katin banki kafin a bar gida, a riƙe 'yan kuɗin yuro a hannu, kuma idan na'urar biya ta ba da zaɓi, a biya da yuro. A La Rambla da jiragen ƙasa na Rum, 'yan sane gwanaye ne.

Idan ƙaddara ta faɗa

Takardar shirin rana da ake ajiyewa a ɗaki tana ɗauke da lambar wakilin jirgin a tashar. A ɗauki hotonta kafin a sauka, tare da katin jirgi, fasfo ko kwafinsa gwargwadon umarnin kamfani, da maganin kwana biyu. Wanda ya ga zai makara ya kira wakilin tun yana hanya. Idan jirgi ya tafi, ma'aikata sukan bar fasfon fasinja a hannun wannan wakilin, amma otal da tikitin zuwa tasha ta gaba daga aljihun fasinjan za su fito. Lambar agajin gaggawa a faɗin Tarayyar Turai ita ce 112.

Ranar ƙarshe ma tana da nata lissafin. Ana saukar da fasinjoji rukuni-rukuni, a nemi akwatuna, a bi layin abin hawa. Wanda ya sayi tikitin komawa Abuja na ƙarfe goma na safe daga Fiumicino ya sa kansa a tsaka mai wuya. Jirgin rana ko na yamma shi ne daidai, ko a ƙara kwana ɗaya a gari.