Waƙar Sinach a Harabar Asibiti

Yau shirin zai fara ne daga wani asibiti a jihar Jojiya ta Amurka, a watan Maris na 2020. Annobar korona ta kunno kai, an hana zuwa dubiya, an rufe majami'u. Sai mutanen garin suka cika filin ajiye motoci na asibitin, kowa a motarsa, aka kunna waƙa. Ma'aikatan jinya kuma suka hau rufin ginin da kayan aikinsu, hannuwa a sama, suna amshi. Waƙar ita ce "Way Maker". Wani zai iya ɗauka Ba'amurke ne ya tsara ta. Ina! 'Yar Najeriya ce.

Sunanta Osinachi, duniya ta san ta da Sinach. 'Yar asalin jihar Ebonyi ce, kimiyyar fiziks ta karanta a Jami'ar Fatakwal, kuma ta shafe shekaru tana jagorantar waƙoƙin sujada a majami'ar Christ Embassy kafin ta fitar da kundinta na kanta, "Chapter One", a 2008.

To, me ke cikin wannan waƙa da ta fito a ƙarshen 2015? Ku kasa kunne, za ku ji babu roƙo a cikinta. Ba ta ce a ba ta lafiya ko arziki ba. Kirari kawai take yi wa Ubangiji, tana jero siffofinsa, ta koma ta sake jerowa. Kalmomin ba su da yawa, karin ba ya wahalar da maƙogwaro, ko wanda Turancinsa bai nuna ba zai kama amshin tun a ji na biyu. Akwai masu cewa maimaicin ya yi yawa, kuma wani lokacin ina bayansu. Amma wanda ke zaune a mota, mahaifiyarsa na kwance a ciki an hana shi ganinta, ba doguwar huɗuba yake nema ba. Abin da bakinsa zai iya riƙewa yake so.

A 2019 ƙungiyar Leeland ta Amurka ta sake rera ta, Michael W. Smith ya biyo baya a farkon 2020. Gidajen rediyon can nasu suka fi sakawa. Sai dai labari ya sha bamban wajen lissafin marubuta, domin nan ba a duba wanda ya rera, mai alƙalamin ake dubawa. Sinach ta hau saman jadawalin Billboard na marubutan waƙoƙin Kirista, ta yi makonni a can, mutum ta farko daga Afirka. A watan Oktoba na 2020 kuma waƙar ta lashe kyautar Dove ta gwarzuwar waƙar shekara. Ku lura, kafin duk wannan, tun a 2019 bidiyonta ya wuce kallo miliyan 100 a YouTube. Ba Amurkawa ne suka gano ta ba.

Na so mu taɓo wata waƙarta, "I Know Who I Am", wadda ke ƙarfafa mai bi ya san darajarsa, amma injiniyanmu na ta nuna min agogo. Ga muryar Sinach ɗin da kanta, daga nan sai labaran duniya.